Taurarin Fim a Bakin Murhu: Tarihin Littattafan Girke-girkensu

Daga cikin al'adun da masana'antar fim ta Amurka ta haifar akwai wadda ba a cika waiwayarta ba, duk da cewa ta haura shekara ɗari tana gudana, wato al'adar wallafa littattafan girke-girke da sunan jarumai maza da mata. Littafin girke-girke shi ne wanda ke jero kayan haɗin kowane abinci tare da gwargwadonsu, sannan ya bi matakan dafa shi ɗaya bayan ɗaya, ta yadda wanda bai taɓa ganin abincin ba zai iya fitar da shi daga tukunyarsa. Saboda wannan manufa tasa, yana cikin littattafai ƙalilan da mai saye ke iya jarraba gaskiyarsu a ranar da ya saya, kuma a nan ne ya sha bamban da sana'ar ɗan wasa, wadda ginshiƙinta shi ne sa mai kallo ya gaskata abin da bai auku ba. Tarihin haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ya nuna cewa shahara ta wadatar wajen sayar da littafi, amma ba ta taɓa wadatarwa wajen ajiye shi a ɗakin girki ba, domin waɗanda suka ɗore su ne waɗanda marubutansu suka zo da wani sani da suka mallaka tun kafin sunan, ko kuma a wajensa.

Tushen al'adar ya girmi sinima kanta. A shekarar 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, wata mata mai suna Maria Moss ta wallafa ɗan littafin girki wanda aka sayar a wani taron baje koli a Philadelphia domin tallafa wa sojojin da suka jikkata, kuma daga nan tara girke-girke don neman kuɗin agaji ya zama ruwan dare a majami'u da ƙungiyoyin mata. A 1896 kuma Fannie Farmer, shugabar makarantar koyon girki ta Boston, ta fitar da littafinta wanda ya yayata awo da kofi da cokali a shafe, maimakon kimantawa da ido da tafin hannu, abin da ya mayar da girki abu mai rubutuwa, mai tafiya daga gida zuwa gida a takarda. Abu na uku da ya rage shi ne fuskar da jama'a suka sani. Kamfanonin fim na farko ba sa bayyana sunayen 'yan wasansu, don gudun kada su nemi ƙarin albashi, sai a 1910 da Carl Laemmle ya tallata Florence Lawrence da sunanta, kuma a shekarar da ta biyo baya aka kafa mujallar Photoplay a Chicago don ciyar da masu kallo da labaran waɗannan sababbin taurari.

Littafin da aka tattara a New York a 1916 mai suna Celebrated Actor Folks' Cookeries, wanda 'yar wasa Mabel Rowland ta tsara, ya haɗa waɗannan zaruruwa wuri guda, domin ya ƙunshi girke-girken 'yan wasan dandamali da na fim tare da hotunansu, kuma an sayar da shi ne don taimakon ƙungiyar Red Cross da asusun tallafa wa 'yan wasa. Bayan shekara 11 mujallar Photoplay ta fitar da nata mai girke-girke 100, sannan daga baya ta faɗaɗa shi zuwa 150. Wannan shi ne zamanin da ake kira tsarin situdiyo, wato lokacin da manyan kamfanoni irin su MGM da Paramount da Warner Brothers ke ɗaure ɗan wasa da yarjejeniyar shekaru, su sauya masa suna idan sun ga dama, su tsara masa tarihin rayuwa, kuma sashen yaɗa labaransu ya riƙa yanke hukunci kan abin da jama'a za su ji game da shi. Hoton jaruma sanye da rigar girki tana juya ludayi yana da aiki na musamman a cikin wannan tsari, musamman bayan abubuwan kunyar da suka dabaibaye Hollywood a farkon shekarun 1920, domin yana shaida wa matan aure cewa wadda suke kallo a majigi 'yar gida ce kamarsu. Masu sayar da kayan abinci ma ba su bari an bar su a baya ba, kamar yadda kamfanin General Mills ya yi a 1935 da ya fitar da ɗan littafin tallan garin Bisquick cike da sunayen taurari. A 1939 wasu 'yan wasa biyu, Rex Lease da Kenneth Harlan, suka tattara nasu, suka raɗa masa suna What Actors Eat When They Eat, wato abin da 'yan wasa ke ci idan har sun ci, suna da ke zolayar sana'ar da yunwa ba ta rasa dalili a cikinta, ko ta rashin aiki ko ta tsoron ƙiba.

Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan littattafai da niyyar ɗora tukunya zai sha wahala, domin bayanansu gajeru ne, kuma ba safai ake iya bambance girkin da tauraro ya iya da wanda kukunsa ya bayar ko wanda ma'aikacin ofishin talla ya kwafo daga wani wuri ya liƙa masa suna ba. Amfaninsu yana wani waje dabam. Masanin tarihin zamantakewa yana karanta su ne don ya ga yadda abincin gwangwani ya shiga gidajen Amurkawa, da irin abin da mai matsakaicin hali yake ɗauka a matsayin cimar masu kuɗi, da kuma hoton da kamfani yake so a ɗauka game da kowane ɗan wasa, inda jarumin finafinan dawaki zai fito da gasasshen nama, baƙuwar jaruma daga Turai kuma ta fito da abincin ƙasarsu. Ƙarya ce mai tsari, kuma tsarin nata shi ne abin karantawa.

Tsarin situdiyo ya fara rushewa da hukunce-hukunce biyu: na 1944, wanda Olivia de Havilland ta samu a kotun California, ya taƙaita yarjejeniyar ɗan wasa ga shekara 7 na kalanda, sannan na kotun ƙoli a 1948 ya tilasta wa kamfanonin rabuwa da gidajen sinimarsu. Daga nan sunan ɗan wasa ya koma dukiyarsa ta kansa, wadda zai iya juyawa yadda ya so. Hakan ya zo daidai da shigar talabijin gidaje da buɗewar sha'awar Amurkawa ga abincin ƙetare, sha'awar da Julia Child ta rura da littafinta na girkin Faransa a 1961 da shirinta na talabijin a 1963. A wannan shekara ta 1963 ne aka wallafa littafin alawa na ZaSu Pitts, jarumar fim ɗin Greed na 1924, bayan rasuwarta, kuma ƙanƙantar fagensa ita ce shaidar gaskiyarsa, domin dafa alawa sha'awarta ce ta shekaru, ba abin da ofishin talla zai ƙirƙira ba.

Littafin da ya fi kowane nuna abin da wannan 'yanci zai iya haifarwa shi ne A Treasury of Great Recipes, wanda Vincent Price da matarsa Mary suka wallafa a 1965. Masu kallo sun san Price da finafinan ban tsoro, irin su House of Wax na 1953 da The Fly na 1958 da jerin waɗanda Roger Corman ya gina kan labaran Edgar Allan Poe, amma asalinsa ɗan gidan masu sana'ar abinci ne daga St. Louis, inda aka haife shi a 1911. Kakansa ne ya ƙirƙiro wani nau'in bakin hoda, wato garin da ke sa ƙullin fulawa ya tashi, wanda aka riƙa sayarwa da sunan Dr. Price, mahaifinsa kuma shi ne shugaban wani babban kamfanin alawa. Shi kansa ya yi karatu a jami'ar Yale, ya zurfafa a tarihin zane-zane, kuma tun daga 1962 yake zaɓar zane-zane na asali wa kantunan Sears domin talaka ma ya iya rataya aikin mai fasaha a bangon ɗakinsa. Wannan aƙida ta kai abin manya ƙofar kowa ita ce ya shigo da ita cikin littafin girkin.

Tsarin littafin shi ne bin gidajen cin abincin da ma'auratan suka ziyarta a Faransa da Italiya da Ingila da Sifaniya da Meksiko da Amurka da wasu ƙasashe, inda suka roƙi manyan kuku girke-girkensu, suka daidaita su da murhu da ma'aunin gida, sannan suka buga hoton takardar jerin abincin kowane gida kamar yadda ake miƙa ta ga baƙo. Mary, wadda sana'arta tsara tufafin 'yan wasa ce, ita ta tsara fasalin littafin, da bangonsa mai laushi mai launin tagulla da shafukan da aka bari fayau domin mai littafin ya rubuta nasa girke-girken. Abin da ya fi ɗaukar hankali a cikinsa shi ne rashin girman kai, domin a littafin da ke ɗauke da La Pyramide da Tour d'Argent na Faransa da Harry's Bar na Venice, akwai kuma abincin taragon cin abinci na jirgin ƙasan Super Chief, har da burodi mai tsiran nama da ake sayarwa a filin wasan baseball na Los Angeles. Da yawa daga cikin wuraren nan sun shuɗe, kamar gidan abincin Jamusawa na Lüchow's a New York da ya rufe a shekarun 1980, saboda haka littafin ya zama rumbun adana wata duniya da babu ita yanzu. Ya daɗe ba a sake buga shi ba, masu tara littattafai suna farautarsa a kasuwar tsofaffi, har zuwa 2015 da aka fitar da bugun cikarsa shekara 50 tare da gabatarwar 'yarsu Victoria. Price bai yi da'awar cewa shi ya ƙago abincin ba. Abin da shahararsa ta yi masa shi ne buɗe ƙofofin ɗakunan girkin da ba a buɗe wa kowa, kuma wannan shi ne amfani mafi halacci da aka taɓa yi da suna a wannan fage.

Sophia Loren ta bi ta wata hanya. Ta fara rubuta girke-girkenta ne a 1968 a birnin Geneva, inda likita ya hana ta zirga-zirga na watanni don kare juna biyun da take ɗauke da shi, kuma littafin ya fito da harshen Italiyanci a 1971 kafin a fassara shi zuwa Ingilishi. Ta tashi a Pozzuoli kusa da Naples, ta ɗanɗani yunwar yaƙin duniya na biyu tana ƙarama, saboda haka taliyarta da miyar tumatir da gauta girkin iyaye da kakanni ne, irin wanda ake koya a tsaye kusa da murhu, kuma kayan haɗinsa ba su fi ƙarfin aljihun kowa ba.

Mafi girman misali, wanda ya kai ga har an manta cewa marubuciyarsa 'yar wasa ce, shi ne na Madhur Jaffrey. An haife ta a Delhi a 1933, kuma ta bar gida ba tare da ta iya girki ba, kasancewar ta tashi a gidan da ke da masu dafa abinci. Da ta je Landan a tsakiyar shekarun 1950 don karatun wasan kwaikwayo a makarantar RADA, sai ta tarar da abincin Ingila na bayan yaƙi, wanda bai karɓi harshenta ba, ta shiga rubuta wa mahaifiyarta wasiƙu tana neman bayanin yadda ake dafa abincin gida, uwar kuma tana aiko mata da amsa ta gidan waya. Wannan hanyar koyo tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin wadda ta koyi girki daga takarda, ita kaɗai, a baƙon gari, da kayan da ba su cika ba, ta san daidai inda mai karatu zai tsaya ya rasa abin yi, sanin da ƙwararren kuku ya daɗe da mantawa. A 1965 ta lashe lambar gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Berlin saboda rawar da ta taka a Shakespeare Wallah, kuma wannan lambar ce ta kai ga Craig Claiborne na jaridar New York Times ya yi rubutu a kanta a 1966 a matsayin jarumar da ta iya girki. Littafinta An Invitation to Indian Cooking ya fito a 1973 a hannun Judith Jones, editar da ta fito da Julia Child, kuma a cikinsa Jaffrey ta taƙaita kanta galibi ga abincin Delhi da ta sani, ta kuma yi fatali da ɗabi'ar Turawa ta tattara dubban miyoyin Indiya ƙarƙashin kalma guda da garin kori guda na kanti. Shirinta na gidan talabijin na BBC a 1982 ya sauya abin da iyalai da yawa a Birtaniya ke dafawa, a 2006 kuma gidauniyar James Beard ta sanya littafin 1973 cikin jerin littattafan girki da ta karrama har abada. A shirin talabijin horon dandamali ya yi mata rana, amma a shafin littafi babu abin da ya tsaya mata sai daidaiton awo da lokaci.

Shekarun 1980 sun cika kantuna da littattafan girkin taurari, daga na Yul Brynner a 1983 zuwa na Dom DeLuise a 1988 mai ɗauke da girkin mahaifiyarsa, kuma mafi yawansu sun wuce tare da zamaninsu. Paul Newman ya juya lissafin baki ɗaya, domin shi kamfanin abinci ya fara kafawa a 1982 tare da abokinsa marubuci A. E. Hotchner, suna sayar da mahaɗin salak suna bayar da ribar sadaka, littattafan girkin suka biyo baya a matsayin reshen wannan aiki, abin da ya mayar da al'adar kan tushenta na 1864.

Fahimtar abin da ya biyo baya na buƙatar sanin yadda ake haɗa littafin girki na zamani, domin aiki ne na taron dangi. Akwai mai ƙirƙiro girkin, akwai mai gwaji wanda ke dafa kowane abinci sau da yawa a murhun gida don tabbatar da cewa awon da aka rubuta yana fitar da abin da aka alkawarta, akwai mai ƙawata abinci don hoto, sannan sau da yawa akwai marubucin ɓoye, wato wanda ake biya ya rubuta da muryar wani ba tare da sunansa ya hau bango ba. Doka ma tana da hannu a cikin yawaitar littattafan da ba su da sabon abu, domin a Amurka jerin kayan haɗi da matakan dafawa tsurarsu ba su da kariyar haƙƙin mallaka, kamar yadda kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chicago ta tabbatar a 1996 a shari'ar kamfanonin Meredith da Publications International kan girke-girken yogot. Abin da doka ke karewa shi ne kalaman marubuci da labaransa da hotunansa, kuma wannan shi ne ainihin hajar da tauraro ke da ita. Madaba'a, a nata ɓangaren, ta san cewa littafi mai hotuna masu launi yana cin kuɗi, sanannen suna kuma yana rage mata kasadar asara tun kafin a ɗanɗana ko loma guda.

Batun marubucin ɓoye ya fito fili a watan Maris na 2012, lokacin da Julia Moskin ta rubuta a New York Times game da rayuwarta ta marubuciyar ɓoye, aka kuma ƙawata rubutun da hoton littafin Gwyneth Paltrow na 2011, My Father's Daughter, wanda ta sadaukar ga mahaifinta da ya rasu a 2002. Paltrow ta musanta cewa wani ne ya rubuta mata, kuma a littafinta na gaba, It's All Good na 2013, sunan abokiyar aikinta Julia Turshen ya bayyana tare da nata. Taƙaddamar ta fi karkata ga mutunci fiye da girki, domin ga mai tukunya hannun ƙwararriya irin Turshen, wadda daga baya ta wallafa littattafanta da sunanta, alama ce ta cewa an gwada abincin, kuma wannan shi ne abin da ya fi shafarsa. Inda littafin 2013 ya sha suka da hujja shi ne ta fuskar tsadar kayan haɗinsa da kuma tsarin cin da ya gina kansa a kai, na ƙaurace wa alkama da madara da sukari da kofi, tsarin da ya jingina da amincewar mai karatu ga jarumar fiye da binciken likitoci. A nan littafin girki ya zama sashe na wata babbar kasuwa, ta kamfanin Goop da ta kafa a 2008, kuma abin da ake sayarwa shi ne salon rayuwa da surar jiki, wato kusan hajar da Photoplay ta sayar a 1927, sai dai yanzu jarumar ce ke riƙe da ofishin tallan. Shi kuwa ɗan wasa Danny Kaye, wanda manyan kuku suka yi ittifaƙi a kan gwanintarsa ta girkin Sin, ya rasu a 1987 ana labarin teburinsa a bakin waɗanda suka ci a gidansa, ba a shafukan kanti ba, abin da ke nuna cewa iya girki da sha'awar wallafawa ba tagwaye ba ne.

Stanley Tucci, wanda kakanninsa suka fito daga yankin Calabria na kudancin Italiya, ya shigo fagen ne ta ƙofar fim ɗin Big Night na 1996, wanda ya ba da umarni tare da Campbell Scott, labarin wasu 'yan'uwa biyu baƙi masu gidan abincin da ke neman durƙushewa. Abincin da ya zama zuciyar fim ɗin shi ne timpano, wani ƙaton haɗi mai siffar ganga wanda ake shimfiɗa ƙullin fulawa a cikin kwano, a cika shi da makaroni da dunƙulen nama da dafaffen ƙwai da cuku da miya, a gasa, sannan a kife shi a yanka kamar kek, kuma girkin gidansu ne na ranar Kirsimeti. Neman da masu kallo suka riƙa yi wa wannan girki ne ya kai ga littafin 1999, wanda mahaifiyarsa Joan ta rubuta tare da kuku Gianni Scappin da ya horar da shi don fim ɗin, da sunayensu a bango. Sai a 2012, bayan ya fito a matsayin mijin Julia Child a fim ɗin Julie & Julia na 2009, aka sabunta littafin aka sake fitar da shi da sunan The Tucci Cookbook, girke-girken na iyaye ne da na Scappin kamar da, sunan da ke jan mai saye kuma na ɗan ne. Littafinsa na 2021 mai suna Taste tarihin rayuwa ne da aka saƙa da girke-girke, kuma a ƙarshensa ya bayyana cutar dajin da aka gano a gindin harshensa, da watanni 6 da ya yi ana ciyar da shi ta bututu, ɗanɗano ya gushe masa, yana kallon shirye-shiryen girki a talabijin alhali ƙamshin abinci kansa yana tayar masa da zuciya.